Baƙin Man Boga Amankwah

Shekarata talatin da ɗaya ina sayar da baƙin mai da filta a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da ke Kumasi, kuma ban taɓa ganin mutanen da suka raina juna a kan juyen mota kamar Masta Kyeremeh da mijin ƙanwarsa ba.

Masta Kyeremeh bakanike ne, garejinsa na kallon shagona. A wurinsa duk ciwon mota maganinsa ɗaya ne: juye. Ko hon ne ya ƙi yi, zai tsoma yatsa a mai, ya murza, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa, ya ce, "Wa ya bar ka kana yawo da wannan?" Ƙa'idarsa wata uku-uku, ko da motar a ajiye take kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Ni kuwa ban taɓa musa masa ba, tunda a shagona ake sayen man.

Mijin ƙanwar tasa, Amankwah, shekara ashirin da biyu ya yi a Hamburg, don haka ba mai kiransa sai da Boga, kamar duk wanda ya dawo daga can. Ya dawo da tumbi, da sarƙar wuya, da doguwar motar Jamus ruwan toka, da katan guda na baƙin mai sintetik har da sabuwar filta a kwalinta. Matarsa Afrakoma ce ta matsa masa ya kai wa yayanta motar ya yi mata juyen farko, don kada dangi su ce ya dawo yana ƙyamar mutane.

Ranar da ya kawo ta, ya tsaya a kan Masta hannu a ƙugu har aka zuba man. Sai da mai waakye, wato shinkafa da wake, ta wuce ya bi ta, ya zauna a bencina yana ci yana ba ni labarin ƙanƙara, aka ƙarasa aikin ba ya wurin.

Da ya zo tafiya Masta ya kira shi da sunan da suke kiran suruki, ya ce, "Akonta, wata uku ka dawo da ita."

Boga ya yi dariya har sarƙarsa na rawa. "Wata uku? Akonta, wannan ba man gyaɗa ba ne irin wanda kuke ɗura wa motocin haya na tirotiro. A ɗakin bincike aka haɗa shi. Ba ya tsufa."

"Ko uwarsa ce ta haɗa shi, zai yi baƙi."

"Ka ji matsalarku ke nan. Kuna gyaran mota da yatsa da hanci. Wannan motar ta fi ka ilimi, in tana son mai da kanta za ta faɗa mini."

"Da wane bakin?"

"Da Jamusanci. Shi ya sa ba da kai za ta yi maganar ba."

Na sa baki na ce gaskiya sintetik ya fi man da muka saba da shi jurewa, wata uku ɓarna ce, amma da zafin Kumasi da cunkoson kasuwar Kejetia da jar ƙasar hanyoyin ƙauye, kada ya wuce kilomita dubu takwas zuwa goma, ko shekara guda, kuma kowane juye da sabuwar filta. Duka biyun suka juyo suka harare ni. Boga ya ce ɗan kasuwa ne ni, ina neman ciniki. Masta ya ce ina so in kashe masa sana'a. Na koma bencina.

Aka shekara, motar ba ta dawo ba. Wajen nan ne wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fara fitowa a allon gaban direba duk lokacin da aka tayar da ita, tare da ɗan ƙara, ƙing. Afrakoma ta tambayi Boga, ya ce gaisuwa ce, motar na cewa, "Barka da fitowa maigida, a sauka lafiya." Abin ya burge mutane. A bakin coci yara har roƙonsa suke ya tayar da ita su ji ta gaishe shi. Shi kuma sai ya ɗan sunkuyar da kai ya amsa mata da wata kalma da ba mu sani ba. In man ya ragu, ya buɗe galan daga katan ɗinsa ya ƙara, ya rufe bonet. Haka aka ci wata shekarar.

Sai tsohuwa ta rasu, mahaifiyar Masta da Afrakoma. Aka ajiye ta a ɗakin ajiye gawa wata biyu ana shiri, aka sa ranar Asabar a ƙauyensu da ke gaba da Mampong. Boga ya ce motarsa ce za ta bi motar gawa kai tsaye, sauran su biyo baya, kuma ba wanda ya ja da shi don shi ya sayi akwatin gawar. Aka sa ni a kujerar baya kusa da Afrakoma, ina rungume da ƙaton hoton marigayiya. Gaba kuwa aka ba Sista Konadu, 'yar ƙanwar tsohuwa, ma'aikaciyar jinya da ta sauka daga Stuttgart kwana uku kafin nan. Mace ce marar hayaniya, mai tabarau, irin waɗanda ke karanta duk abin da idonsu ya faɗa a kai.

Boga ya gyara baƙin zanensa a kafaɗa, ya murza makulli. Ƙing.

Sista Konadu ta matso da fuska. "Akonta, ka kuwa ga abin da ta rubuta?"

"Gaisuwa ce," in ji Afrakoma daga baya. "Kullum sai ta gaishe shi."

"Wace gaisuwa? Cewa ta yi lokacin juyen mai ya wuce da kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Ta ce a kai ta gareji."

Na ɓuya a bayan hoton tsohuwa.

Boga ya yi gyaran murya. "Jamusancin Stuttgart daban, na Hamburg daban."

"Lambobin ma?"

Sista Konadu, cikin kyakkyawar niyya, ta juya ta yi masa wata doguwar magana da Jamusanci. Ya ce, "Ya, ya." Ta sake wata. Ya ce, "Ya, ya." Ta cire tabarau ta dube shi. "Tambayarka na yi a wace unguwa ka zauna."

Afrakoma ta ce, "Amankwah, shekara ashirin da biyu?"

"A wurin aikinmu duk 'yan gida ne! Da Asante da 'yan Bono, da yarenmu na Twi muke wanke tukwanenmu. Da wa zan yi Jamusancin?"

"Tukwane? Ba ka ce mini injiniya ba?"

"Injin wanke tukwanen fa, wa ke kula da shi?"

Motar gawa ta daga, dole muka bi. Muka wuce Agona. Muna fara hawan dutsen Mampong wata jar fitila ta kama, mai siffar butar shayi tana ɗiga. Wannan kam ba sai an je Stuttgart ba. Na ce, "Boga, ka tsaya. Don Allah ka kashe ta yanzu."

"In tsaya a gaban motoci goma sha bakwai? Da makaɗa a baya? In mun kai sama sai mu duba."

Injin ya fara ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana daka fufu da taɓaryar ƙarfe. Boga ya ƙara taka totur. A kwana ta biyu muka ji gum, motar ta yi shiru, ta fara komawa baya a hankali. Ya danne birki, Afrakoma ta kira sunan Yesu, hoton tsohuwa ya buge ni a hanci. Motar gawa ta yi gaba abinta, duk jerin da ke bayanmu ya tsaya cak a kan gangare.

Masta Kyeremeh ya sauko daga tsohuwar a-kori-kurarsa yana tafiya a hankali. A ranar da za a binne uwarsa, ban ga abin da ya hana shi murmushi ba. Ya buɗe bonet, ya zaro gejin mai, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. Abin da ke jikinsa ba ya ɗiga, ya daskare kamar kwalta.

"Jama'a, ga man da ba ya tsufa! Akonta, ka tambaye ta mana, ko tana da sauran magana?"

Da igiya aka ɗaure motar Jamus a bayan a-kori-kura, aka ja ta har cikin ƙauye, Boga na riƙe da sitiyari, makaɗa na biye suna busa. Mata masu jan zane da baƙi suka fito tarbar gawa, suka tarar da wannan. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ita ma yau za a binne ta?" Da aka zo sanar da gudummawar surukai a lasifika, ana ambaton sunan Boga fili ya ɗauki dariya, har mai sanarwar ya roƙi mutane su tuna inda suke.

Ranar Talata aka kawo motar Magazin. Masta ya aika aka kira duk wanda ke kusa, masu walda, masu fenti, har mai sayar da tuwon masara na kenke, su zo su ga injin. Afrakoma ta zo, Sista Konadu ta rako ta. Boga ya zauna a kan tsohuwar taya ya zuba wa ƙasa ido. Aka kwance kaskon mai, sai da cokali aka riƙa kwarfo abin da ke ciki. Masta na aiki yana wa'azi.

"Shekara biyu da wata huɗu! Ni da ban je ko Accra da niyyar karatu ba, na ce wata uku. Ku dubi filta, ku dubi yadda ta toshe!"

Ya kwance ta ya miƙa a zagaya da ita. Ta bi hannu-hannu har ta iso wurin Sista Konadu. Ta goge gwangwanin da tsumma, ta gyara tabarau.

"Bra Kyeremeh, akwai rubutu da farin alƙalami a nan. Sunan wani gareji ne a Hamburg, da kwanan wata. Shekara huɗu ke nan."

Boga ya ɗago kai a karon farko. "Huɗu? Sabuwa na kawo a kwalinta. Akonta, ina filtata?"

Masta ya ce tsohuwar filtar lafiyarta ƙalau a lokacin, ya wanke ta da fetur sosai, har sau biyu, ya busa mata iska. Ya ce filtar Turawa ba a yar da ita haka kawai.

"Sabuwar fa?"

Idon Masta ya tsallaka titi ya sauka a kan shagona. Duk taron ya bi idon. Gaskiya ne, ya kawo mini ita washegarin juyen, ya ce ragowa ce, ni kuma ban tsananta tambaya ba. Wata guda ta yi a cikin gilashina kafin wani lauya ya saye ta, yana ta yaba mini cewa ni kaɗai ke da kayan asali a layin nan.

Boga ya miƙe, ƙarfinsa ya dawo. "Kun gani! Ba laifin mai ba ne! Ɓarayi ne suka kashe mini mota!"

"Ɓarayin ne suka hana ka karatu?" in ji Masta.

Suka yi kan juna, masu walda suka shiga tsakani. Afrakoma ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa mijinta tafin hannu, ta tsaya a haka har ya gane, ya ciro makullin ya sa mata. Ta juya ga yayanta.

"Bra, kai za ka tashi injin nan da hannunka, kuma ina zaune a nan za ka yi. Kai kuma Wofa," ta nuna ni, don haka suke kiran kawu ko dattijo, "duk abin da za a sa a ciki daga shagonka zai fito, kuma kada in ji bakinka."

Sati biyar ta yi tana zuwa da kujerarta da lemarta. Ta koyi sunan kowane ƙarfe, ta sa aka juya rubutun allon zuwa Turanci, ta shiga makarantar tuƙi tana da shekara hamsin da uku. Yanzu ita ke jan motar. Duk kilomita dubu takwas take kawo ta, ta buɗe galan da kanta, kuma ba ta tafiya sai an fasa tsohuwar filta da guduma a gabanta. Matan cocinsu sun fara koyi da ita, abin da ya sa rabin layinmu ba sa amsa gaisuwarta.

Boga da Masta kuwa sun zama aminai. Kusan kullum da la'asar za ka same su a rumfar mai bammi a bayan gareji, ƙwarya ɗaya suke sha, suna tattauna yadda matan zamani ba su da kunya. In Afrakoma ta gama abin da take yi ta danna hon sau biyu, Boga ya ajiye ƙwaryar ya taho da sauri.