Tambayar Kyaftin Dunuwila

Tun da Dunuwila ya sauka daga kyaftin ɗin ƙungiyarsu ta ƙwallon zari-ruga a Kandy, abu ɗaya ke ci masa rai. A wasansa na ƙarshe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya faɗa kan layin abokan hamayya rungume da ƙwallo, ƙarti suka danne shi. Alƙalin wasa ya ce ƙwallo ba ta taɓa layi ba, don haka ba a ci ba. Abokan hamayya suka tafi da kofi Colombo. A zari-ruga ba a musu da alƙali, sai Dunuwila ya ce, "To, yallaɓai," ya haɗiye.

Yau ga alƙalin nan, Samarakoon, a falon Dunuwila, kai duk furfura. Ya zo nema wa ɗansa auren Hiruni, 'yar Dunuwila tilo.

Tun da safe Kusuma, matarsa, ta gargaɗe shi.

"Maigida, mutumin nan ba ya ɗaukar raini. Ka tayar da zancen ƙwallo ya tashi ya fita, kai za ka yi wa Hiruni bayani."

"Na ce zan yi magana ne?"

"Kunnuwan nan naka da ƙarti suka murɗe, yaushe rabonsu da jin magana?"

Aka kawo shayi da shinkafa dafaffa da madarar kwakwa. Samarakoon yana bayanin yadda mai duba ya ce taurarin yaran sun dace, Dunuwila yana gyaɗa kai, amma idanun tsohon yake kallo. Me suka gani ran nan?

"Yallaɓai," ya ji bakinsa ya faɗa, "a fili kyaftin kaɗai ke da izinin yi wa alƙali tambaya."

Kusuma ta dire butar shayi. Labulen da Hiruni ke laɓe a bayansa ya daina motsi.

"Ƙwallon ran nan, ta taɓa layin, ko ba ta taɓa ba?"

Samarakoon ya ajiye shayinsa.

"Kyaftin, ai ni na zo da niyyar tambayar ka. Ban ga komai ba sai ɗuwawu da taɓo, abin da ban gani ba kuwa ba na bayarwa. Kai ke kwance a kanta. Ta taɓa?"

Dunuwila ya buɗe baki. Ya tuna taɓo a hancinsa, gwiwar wani a ƙeyarsa, ƙwallo can ƙarƙashin cikinsa. Farin layin kuwa ruwa ya riga ya wanke.

"Ban sani ba."

"Kai ma?"

Samarakoon ya miƙe, ya tattare zanensa, ya dubi Kusuma.

"Ƙanwata, ara mana kwakwa ɗaya ta zama ƙwallo. Kyaftin, ture teburin nan, nuna min yadda ka faɗi."

"A fara sa rana mana," in ji Kusuma.

"Duk wadda mai duba ya zaɓa, mun yarda," in ji Samarakoon, yana durƙusawa a bakin tabarma. "Nan ne layi. Zo da gudu."