Maɗigar Muzzammil

A wata ruga da ke bayan Wurogauri, cikin ƙasar Kalgo, akwai gidan Kaka Hadijatu. Suna da shanu daidai gwargwado, suna da gero a rumbu. Abin da ba su da shi, rijiya mai kyau da asibiti a kusa, sai kuma yarda da baƙo. Baƙuwar gidan ita ce Amatullahi, matar Baffa Abu, 'yar cikin garin Gwandu da ta yi karatun kiwon lafiya. Tun zuwanta Kaka ba ta taɓa cin abin hannunta ba sai ta sansana.

Da damina ta yi tsakiya, gudawa ta kama Muzzammil, jaririn Rabi, ƙanen wata yarinya mai suna Nafisa. Yaro ya lanƙwashe, idanunsa suka zurma, maɗigarsa, wato wurin nan mai taushi a tsakar kai, ta faɗa kamar an danna da babban yatsa.

Kaka ta shafa wurin, ta ce, "Wanga ba ciwon Allah da Annabi ba ne, akwai hannu. Kuma kada wanda ya ba angona ruwa. Tulu na yoyo, wa ke ƙara mai?"

Rabi ta sunkuyar da kai, don ba ta musu da uwar miji. Amatullahi ta ce, "Inna, ai a kai shi Kalgo." Kaka ta ce fadama ta cika, babur ba ya ƙetarewa, kuma ba a tambaye ta ba.

Nafisa ta ɗauki maganar hannun nan ta riƙe. Da Kaka ta fita neman saiwa, sai ta hangi Amatullahi a bayan bukka ta tsuguna. Ta yage wata 'yar leda, ta juye farin gari a kwalbar ruwa, ta girgiza, tana waige-waige. Farin gari a leda iri ɗaya Nafisa ta sani, maganin kaskar shanu, wanda babanta ya ce ko lasa mutum ya yi sai kabari. Ta bi ta a hankali, ta leƙa. Ga Amatullahi ta tsunkuli fatar cikin jaririn ta ja, tana kallo. Yaro ko kuka bai yi ba.

Amatullahi na fita ɗauko cokali, Nafisa ta shiga, ta sure kwalbar, ta tuttular a gindin kara.

"Nafisa! Ina ruwan?"

"Na zubar. Na gan ki, Anti. Mi kinka sa a ciki? Kaka na dawowa zan faɗa."

Amatullahi ta dube ta, ta dubi jaririn. Ba ta yi faɗa ba. Ta ciro wata ledar daga haɓar zani, ta haɗa a kwalbar da tafasasshen ruwa da ya huce, ta kafa kai ta sha, ta miƙa mata.

"To, alkaliya, ɗanɗana, gishiri da sukari ne. In guba ce sai a yi mana sallah tare."

Nafisa ta tsoma yatsa ta kai baki. Gishiri-gishiri, da ɗan zaƙi.

"Kamar hawaye," ta ce. Amma ba ta saki kwalbar ba. "To don mi kike ɓoyo? Don mi kinka tsunkule shi?"

"Ina ɓoyo don Kaka ta hana. Tsunkulin kuwa, in maraƙi na zawo, mi Baffanki ke yi wa wuyansa?"

Nafisa ta ce, "Yana jan fatar. In ba ta koma ba, sai ya ce ruwan jikinsa ya ƙare."

"Ja ta Muzzammil ki gani."

Ta ja a hankali. Fatar ta tsaya a tattare, ta daɗe kafin ta kwanta.

Amatullahi ta fara ɗiga masa ruwan da cokali, tana magana a hankali. Ta ce jiki duka an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace kamar 'yar salka cike da ruwa. Su ne suke haɗuwa su zama fata, su zama tsoka, su zama hanji. Kuma suna zaune ne cikin wani ruwa mai ɗan gishiri, wanda jiki ke tsare da ma'auninsa, kada ya ƙaru, kada ya ragu. Gudawa ta kwashe ruwan da gishirin, shi ya sa fata ta saki, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke.

"Sukarin fa?" in ji Nafisa.

"Shi ke jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa kuma ya bi gishiri, yadda maraƙi ke bin uwa. Amma da awo. In gishirin ya yi yawa, sai ya zuƙe 'yan salkunan."

Sai ga takun Kaka. Amatullahi ta ɗaga ido ta dubi Nafisa. Kaka ta sunkuyo ta shigo, ta ga cokali.

"Ke uwar surutu, mi take ba shi?"

Nafisa ta ɗaga kwalbar ta kurɓa a gabanta. "Gishiri da sukari ne, Kaka. Ja fatarsa, kamar ta maraƙi."

Kaka ta ja, ta ga abin da ta sha gani a garke. Ta karɓi kwalbar, ta sansana, ta lasa, ta yi tsaki. Ba ta ce a ba shi ba, ba ta kuma ce a bari ba. Ta dai zauna ta ɗora shi a cinya, tana lura da kowane cokali. Rabi ta matso ta ba shi nono a tsakani.

Wajen la'asar sai Kaka ta yi zumbur. Zaninta ya jiƙe.

"Ango, da fitsari za ka biya ni?" ta ce, hannunta na lalubar tsakar kansa. Maɗigar ta fara tasowa. Kaka ta aika a ce wa Abu ya nemo mai kwalekwale, da safe a kai yaro Kalgo a duba shi. Kwalbar kuwa ta ajiye ta a gefenta, ta ce in za a sake haɗawa, a haɗa a gabanta.

Nafisa ta gane cewa ba hannun kowa ne ya danna kan ƙanenta ba. Ruwa da gishirin jikinsa ne suka fita, kuma abin da ya fita dole a mayar da shi daidai.