Kada Ka Yanke Yadin

"Kama nan ma," in ji Maƙeri, yana zare hannu daga rigar da ƙyar. "Amma kada ka yanke min yadi. Naɗe shi ta ciki, zan ciko."

Tela ya cire allura daga baki. "Yaya, tun bara kake cikowar nan."

"To kai saurin me kake?"

Ɗakunansu na kallon juna, kuma kowa shi kaɗai yake kwana. Matar Tela ta daɗe da rasuwa. 'Yar Maƙeri guda ɗaya tana aure can nesa, sai dai waya. A da damtsen mutumin nan ya fi cinyar Tela kauri, yanzu fata ce ke reto.

Abin da ke ƙona wa Tela rai, Maƙeri bai taɓa tsallake allurarsa ta ciwon sukari ba, kuma yana cin abinci. Ranar da ya raka shi asibiti, likita ta ce a jikin matashi insulin kan hana tsoka zagwanyewa, amma in tsufa ya zo, jiki ba ya jin maganarsa sosai.

"Wato naman ma ya kurumce irina," in ji Maƙeri. Shi kaɗai ya yi dariya.

Burinsa ɗaya ne, kada 'yarsa ta gan shi haka. Duk kiran da ta yi, sai ya ce garau yake, ta dakata tukuna.

Wata safiya Tela ya kai masa shayi, ya same shi kan kujera, rediyo na ta surutu. Rai ya yi halinsa.

Kafin 'yar ta iso an binne shi. Ta tsaya bakin ƙofar Tela, ido jawur.

"Baba, rigarsa shuɗiyar nan nake so."

"Tana wurina. Ɗan jira ni, 'yata."

Ya shiga ɗaki ya ɗauki reza, ya bi ɗinkin nan yana farkewa. Rigar ta buɗe, ta koma girmanta na da.

Da ya miƙa mata, ta ware ta a hasken ƙofa, tana murmushi cikin hawaye.

"Babana ke nan. Ƙato."

Sai idonta ya sauka gefen rigar, inda yadin bai koɗe ba. Ramukan allura ne jere, layi bayan layi, kowanne ya fi na baya shigowa ciki. Ta ɗora yatsa a kan na ƙarshe, ta bi shi a hankali har ƙasa.