Tari a Bayan Katako

Tarin ya taso daidai lokacin da Mai Rajista ya sa ƙafa a shagon, saboda haka Kafinta ya fizgo zarto ya hau kan wani lafiyayyen katako wanda bai yi masa laifin komai ba. Ya dinga ja yana turawa, gumi na bin gemunsa, ƙarar ta cika shagon har kwanon rufi na amsawa.

"Kafinta, kai ba ka gajiya ne?" in ji Mai Rajista da ƙarfi, littafinsa a hammata. "Kullum na zo kana yanka, amma ban ga kujera ko ɗaya ta fito ba."

"Sai an yanka ake haɗawa, ranka ya daɗe."

Wata biyar da suka wuce jarida mutumin nan yake sayarwa a bakin titi, ba mai ce masa ranka ya daɗe ko da wasa. Sabbin masu gari ne suka ɗaura masa jan ƙyalle a damtse, suka ba shi littafi, ya riƙa rubuta mai shiga layin da mai fita. Mai Rajista ya tambaya ko matar Tanki ta samu labarin mijinta. Kafinta ya ce shi da ita sai gaisuwa da cinikin abinci. Bai ajiye zarton ba sai da mutumin ya sha kwana.

Bayan durowar kayan da ke jingine a ƙuryar shagon akwai bangon katako, wanda Kafinta ya buga da hannunsa a yini ɗaya. Tsakaninsa da bangon ainihi taku biyu ne, tsawonsa kuwa daidai kwanciyar mutum in ya lanƙwashe ƙafa. A nan Tanki yake, maƙwabcinsa na shekara ashirin, wanda duk layin ya san ya hau jirgi ya bi sojojin ƙasar waje.

Shekara goma sha ɗaya Tanki yana tuƙa musu tankar ruwa zuwa sansaninsu na bayan gari. Ƙaton mutum ne, in ya tsaya a ƙofar shago sai haske ya ɗauke. Da baƙin suka gaji da yaƙin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka ce gida za su koma, wani hafsa mai ce masa ɗan'uwa ya ba shi takarda mai tambari, ya ce ya zo ƙofar sansani ranar Alhamis, iyali kuma za a aiko musu daga baya. Layi duka aka fito aka yi masa Allah ya kiyaye hanya. Ya isa ranar Alhamis ya tarar sun tashi tun Talata, ƙofa a wangale, karnukan da suka bari suna yawo a fili.

Kafin ya juyo gari ya canja hannu. Ana bi gida gida ana kwashe duk wanda ya taɓa yi wa baƙin aiki, ko da wanki ne, a haɗa da wanda ya ɓoye shi, kuma wanda aka tafi da shi ba a sake jin ɗuriyarsa. Tanki ya saɗaɗa ƙarƙashin lodin katako, motar ta sauke shi a bayan shago ba tare da direban ya sani ba. Mutum uku suka san zancen: shi, da matarsa, da Kafinta. 'Yarsu Auta mai shekara biyar ba a gaya mata ba, don bakin yaro ba shi da linzami.

"Yaya, ya tafi?" Muryar ta fito daga bayan durowa, a shaƙe.

"Ya tafi. Saura kaɗan yau ka sa in yanka ƙofar shagon."

Tanki ya fara dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya ce, "Za su dawo, Yaya. Ba ka san mutanen nan ba. Suna da jirgin da ba kowa a cikinsa, daga sama yake karanta lambar mota. A gabana suka rushe gada kafin shayina ya huce. In sun so, yini ɗaya ya ishe su su karɓe garin nan."

"In sun so. Masu karanta lambar mota daga sama, ga ka da girmanka a bakin ƙofarsu, ba su gan ka ba."

Kafinta ya ji haushin bakinsa. Mutumin da ba shi da taga, ina ribar ƙwace masa ɗan abin da yake kallo?

Tarin ya soma ne a wata na biyu. Kafinta ya riƙa zuwa kyamis yana ƙaƙaro tarin ƙarya, yana sayen magani kwalba kwalba, har ran nan mai kyamis ya dube shi ta saman tabarau.

"Baba, tarin nan naka bai kai maganin da kake saye ba. Ban tambaye ka ba, kada ka gaya mini. Amma ko wane ne, a raba shi da ƙura, a kai shi asibiti."

Asibiti kuwa akwai masu jan ƙyalle a ƙofa, suna duba takarda kafin a duba mara lafiya. Kafinta ya dawo ya tsaya yana kallon dusar katakon da ta rufe ƙasan shagon, ta hau kan durowa, tana kutsawa ta tsakanin allunan da ya buga. Ya gane abin da yake yi. Zarton da ke rufe tarin shi ke ciyar da shi. Ya gwada guduma, amma tsakanin bugu da bugu tarin na leƙowa. Ya gwada rediyo, muryarta ba ta kai ba. Ya yayyafa ruwa, ya toshe kafofi da tsumma, ɗakin ya zama tanda. Ƙarshe dai ya koma wa zarto, yana ja yana jin kamar a ƙirjin maƙwabcinsa yake ja.

Da rana matar Tanki takan kawo abinci a rufaffen kwano, a matsayin na sayarwa. Sai ta zauna a benci ta jingina baya da durowar, ta dubi Kafinta ta ce, "Yaya, Auta ta fitar da haƙori jiya. Rufin ɗakinmu kuma har yanzu yana yoyo." Kafinta ya gyaɗa kai, ya san ba da shi ake ba. Auta kuwa tana bakin ƙofa tana jera gutattsarin katako, wai jirgin da zai kai ta wurin babanta take haɗawa. Tanki ya roƙa, Kafinta ya huda masa rami kamar ƙwayar wake a jikin allo, daidai inda zai hango bakin ƙofar.

Ranar wata Litinin da hantsi Mai Rajista ya zo da aiki. Tebur yake so, mai aljihu biyu da makulli, littattafansa sun yi yawa. Ya ja benci ya zauna, ya kira Auta yana tambayarta ko babanta ya aiko mata da alewa. Nan tarin ya taso, irin wanda Kafinta bai taɓa jin kamarsa ba. Ya cafki zarto. Ya gama da katako ɗaya ya jawo wani, ya gama ya jawo na uku, kafaɗarsa na wuta, Mai Rajista na yi masa ihun tsawon tebur a kunne. Ƙura ta turnuƙe shagon har baƙon ya tashi yana kaɗe riga.

"Kai dai zarto zai kashe ka," ya ce, ya fita.

Kafinta ya sallami Auta gida, ya tura ƙofa, ya ce, "Tanki, ya tafi." Ya sake faɗa. Sannan ya ja durowar gefe.

Tanki yana zaune ya jingina da allo, ba ya numfashi, fuskarsa kusa da ramin, hularsa cushe a bakinsa, haƙoransa sun kafe a kanta. Da kansa ya tura ta. Kafinta ya durƙusa ya zare ta a hankali, yana ta neman sanin a kan katako na nawa tarin ya tsaya, bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. 

Da matar ta shigo da kwano ta ga durowa a gefe, ta buɗe baki. Kafinta ya riga ta.

"Ƙanwata, ajiye kwanon. Ba za ki yi kuka ba. In aka ji kukanki, ni da ke mun tafi, Auta ta rage ita kaɗai."

Ta cusa bakin mayafinta a baki. Ya bar ta ta shiga ta ɗan jima, sannan ya ce ta ɗauki kwanon jiya ta fita kamar kullum.

Da kansa ya je ya sanar da Mai Rajista an yi rasuwa a shagonsa. Ya ce ɗan kawunsa ne daga ƙauye, ya biyo motar katako ba shi da lafiya, ko zama bai yi ba rai ya yi halinsa. Mai Rajista ya ce doka ce sai ya ga fuska. Ya yaye zanen. Mutumin ya dubi gemun da ya yi buzu-buzu, da kumatun da suka faɗa, da wuyan da bai fi damtsen yaro ba. Shekara da shekaru Tanki na sayen jarida a hannunsa.

"Allah ya jiƙan baƙo," ya ce, ya mayar da zanen, ya rubuta a littafi.

Bayan la'asar aka fito da makara. Mazan layi suka taru don Kafinta, Mai Rajista ma ya sa kafaɗa ya ɗauki kusurwa ɗaya, yana cewa bawan Allah ba nauyi. Hanyar maƙabarta ta gaban gidan Tanki ta bi, ba wata.

Matar Tanki tana zaune a dakalin ƙofa cikin atamfa mai haske, Auta a tsakanin gwiwoyinta, tana yi mata kitso. Wata maƙwabciya ta ce, "Kin ji, baƙon Kafinta ne." Ta ce ta ji, Allah ya ba shi haƙuri. Auta ta so ta juyo ta kalla, uwar ta riƙe kanta ta mayar gaba. Kafinta ya waiga sau ɗaya daga bakin kwana. Ta kai ƙarshen layin kitson, ta tsefe shi tun daga tushe, ta sake kamawa.