Maɓalli na Shida

"Tambaye ni! 'Yar nan, ajiye wankin nan ki tambaye ni!"

Inna Tela ce ta banko ƙofa, mayafi a hannu, takalmi wari da wari. Ta ba saba'in baya, amma ran nan a guje ta zo daga ɗakin ɗinkinta, da yake katanga ce kawai ta raba ta da maƙwabciyarta, matar direba. Matar direba ta yarfe kumfa tana dariya.

"To Inna, shika-shikan imani nawa ne?"

"Shida! Tsaya in buɗe littafina."

Littafin nata fa ƙyallen yadi ne. Inna ko alif ba ta sani ba. Da ta shiga ajin manya na masallacin unguwa, Malama ta ce a haddace kalmomin aƙida, sai ta koma ga abin da hannunta ya iya, kowace kalma ta ɗinka mata maɓalli. Tauhidi ƙyallensa daban, maɓalli ɗaya tal a tsakiya. Shirka kuwa biyu ta haɗa a ƙofa guda, ta ce kowa ya gwada ya gani ko rigar za ta rufu.

Ta ɗora yatsa a kan ƙyallen. "Babban farin nan, imani da Allah. Mai sheƙin nan, mala'iku. Mai kusurwa huɗu, littattafai. Koren, manzanni. Baƙin nan mai nauyi, ranar lahira. Biyar cif, ko tuntuɓe ban yi ba!"

"Kai, Inna! Wallahi kin kusa ƙwace allon Malama. Saura na shida."

Inna ta fara naɗe ƙyallen. "Ba maɓalli."

"Ke da gwangwani uku cike?"

"Ba wanda ya dace."

Matar direba ta san ba mantuwa ba ce. Na shida shi ne ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Shekara tara ke nan da mota ta kaɗe ɗan Inna, tilonta, yana hanyar aiki sanye da rigar da ta ɗinka masa. Tun daga ranar, da an ce "haka Allah ya ƙaddara" sai ta lallaɓa ta bar wurin. Ga shi ran Alhamis Malama za ta saurari kowa.

"Ki faɗa kawai mana, Inna. Wa zai tona zuciyarki?"

"Ni ba na ɗinkin ha'inci. Malama ta ce imani ba a leɓe kaɗai yake zama ba." Ta rage murya. "Tsoro nake ji, 'yar nan. Kar in tafi da biyar."

Kwana uku keken ɗinkin nan yana ƙara ba maganar karatu. Ran Laraba da hantsi sai ga ihu ta kan katanga.

"Na samo! 'Yar nan, na samo!"

"Mu gani!"

"Oho dai! Sai gobe. Ki shirya ki raka ni, a gaba za ki zauna."

Wannan rana unguwa ba ta huta ba. Inna ta tare mai shago ta gaya masa gobe akwai labari. Ta ari dutsen guga ta goge mayafinta sau biyu. Direba ya dawo ya same ta a bakin ƙofa, ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Inna, in kin zama malama a riƙa tausaya mana a bulala."

"Kai ne na farko, mai gudu da sallah kamar mota ba birki!"

Alhamis da safe matar direba ta ci ado ta nufi ɗakin tana kira tun daga waje. "Ɗaliba! Za a makara fa!" Ta tura ƙofa.

Inna na zaune a kan sallaya, ta jingina da ƙafar keke, gogaggen mayafin a kafaɗarta. Matar direba ta taɓa ta, ta kira sunan Allah, ta sake taɓawa. Rai ya riga ya yi halinsa.

Kukan da ta yi ba na rashi kaɗai ba ne. Har aka kai Inna makwancinta tambaya ɗaya ke cin ta, da nawa ta tafi?

Sai da la'asar, tana kimtsa ɗakin, ta ga wani akwati da Inna ba ta taɓa buɗewa a gabanta ba, a buɗe. A kan murfinsa ga rigar namiji, shuɗiya, kafaɗa a yage, maɓallin wuya babu. Ta ɗaga sallayar, ƙyallen ya faɗo.

Fari, mai sheƙi, mai kusurwa huɗu, kore, baƙi. A ƙarshen layi ga wani ɗan shuɗi, gefensa a fashe.

Ta kama shi ta ja a hankali, bai motsa ba. Da zare ninki biyu Inna ta ɗinke shi, ta ƙulla ta baya, ta datse da haƙori.