Rariyar Iya Morenike

Rumfa ta huɗu ke nan da Morenike ta shiga a kasuwar Ilora tana neman mai saƙa rariyar tukuruwa. Sai can bayan masu manja aka nuna mata wani tsoho, Baba Ojedokun.

"Wane irin ido kike so?" ya tambaye ta.

"Ta garin kwaki dai, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "'Yar boko! Kowane gida da idon rariyarsa. Da tsakin gari ake gane mai shi. Kawo tsohuwar in kwaikwaya."

Morenike malamar Turanci ce. A makon nan ma ta ɓata rabin awa tana faɗa wa ɗalibai cewa sunan da Turawa ke kiran mataci da shi asalinsa sunan wani ƙyallen ulu ne da ake tace ruwa da shi a da. Wannan kam ta sani. Amma idon rariyar uwarta, wadda garinta ya kai ta jami'a, ba ta taɓa tsayawa ta duba ba.

Tsohuwar kuwa ita ta ƙone ta da hannunta. Iya tana kwance a asibiti, ita kuma ta zo gyaran gida da zafinta, ta ga abu baƙi ƙirin duk faci, ta jefa a wuta, ta sayo ta waya mai ƙyalli. Sai daga baya ta ji cewa marigayi babanta ne ya saƙa ta, da farcen Iya ya auna idon. Tun da aka sallamo Iya ba ta ƙara hura wutar suyar gari ba.

"Ta ɓata, Baba," in ji ta. Kunya ta ishe ta.

Ya zaɓo mata matsakaiciya.

A gida, Iya ta ɗora rariyar a cinya. Idonta ya yi rauni, don haka da yatsa ta bi saƙar, layi bayan layi, ta daɗe tana bi.

"Ta yi kyau, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"In jiƙa miki rogo gobe, Iya?"

Iya ta miƙa mata rariyar. "Rataye ta can sama, kada ɓera ya ci. In za ki fita kuma, ki biya gidan Iya Sikira ki auno mana gari. Nata ba laifi."