Sun Zagaya

Ta fito daga ɗaki da jaka a kafaɗa, sai ta tarar da Baba zaune a bakin ƙofa cikin farar rigarsa da ta sha guga, hula ta zauna daram, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Har turare ya shafa. Inna na tsaye a bayansa tana yi mata magana da ido, alamar ta yi iya yinta ya ƙi ji.

"Uwata, yau tare za mu ofis," in ji shi.

Ta ce ai da hadari a gari, ga hanya ta lalace, ya bari sai wani makon. Ya yi murmushi, ya ce likita ya riga ya gaya masa gaskiya, ɗan hasken da ya rage a idonsa baƙo ne mai shirin tafiya. Yana so ya ga teburinsa ko da inuwarsa ce, kafin a rufe masa ƙofa gaba ɗaya.

Tun yana saurayi har furfura ta cim masa, a ofishin tsara gari Baba ya yi aiki, sashen zanen taswira. Da labarin wurin ta tashi, yadda wasu yara ke tashi da tatsuniya: dogon ɗaki mai tagogi, fanka na juyawa a hankali, ƙamshin tawada da sabuwar takarda, da irin shirun nan na mutanen da aiki ya ɗauke wa hankali. Saboda wannan ɗakin ta karanci zane a jami'a. Ranar da aka ɗauke ta aiki a sashen, Baba bai iya cin abinci ba don murna, ma'aikata kuma suka sa mata suna 'Yar Gado.

A yammacin ranar farko ta dawo da niyyar gaya masa abin da ta gani. Sai ta same shi ya matso da kujerarsa bakin ƙofa, fuskarsa a buɗe kamar ta yaro. Ya tambaye ta ko har yanzu rana na faɗowa kan teburin kusa da taga da hantsi. Ta ce tana faɗowa. Daga nan kullum sai ta dawo masa da ofis a bakinta, ta gyara rufinsa, ta cika kujerunsa, ta ƙirƙiro unguwannin da suke zanawa. Shi kuma ya riƙa yi mata gyara, yana cewa ta kula da kwanar titi, ta bar wa ruwa hanyarsa.

Ta riƙe hannunsa suka fita.

* * *

Ofishin gaskiya kuwa, rufinsa ya daɗe da sallama. Jemagu sun tare a silin, warinsu na sauka da zafin rana. Fanka ta sandare da ƙura a fukafukanta. Wuta takan leƙo ta koma kafin kwamfuta ta gama buɗe ido. Kujerar 'Yar Gado ƙafa uku gare ta, bulo ne na huɗun. Takardar zane kuwa an ce tana hanya tun kafin a ɗauke ta aiki.

Amma abin da ya ƙarasa wurin shi ne banɗaki. Da bututunsa ya fashe sai aka sa masa kwaɗo, aka ce kafin a gyara kowa ya nemi inda zai zagaya. Mata suka riƙa roƙon arziki a wani gida da ke bayan katanga, maza suka nufi tashar mota. To wa zai tsare babban mutum ya tambaye shi me ya daɗar da shi a banɗaki? Sai kalmar ta zama rigar kowa. In aka nemi mutum, a ce ya zagaya. Akawu kan zagaya da hantsi, sai a gan shi a shagon ɗinkinsa. Hajiya Mai Atamfa kan zagaya ta bi gidaje da kayanta. Akwai wanda ya zagaya ranar Talata, bai dawo ba sai Litinin, da ya shigo aka yi ta yi masa sannu da ciki.

Ba ragwaye ba ne, ta san haka. Akawu ya taɓa nuna mata wata taswira da ya zana yana sabon shiga, layukanta kamar ba hannu ya ja su ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya naɗe, ya ce mata, "'Yar Gado, tun kina da sauran zafi ki nemi abin yi. Wurin nan a hankali yake cin mutum, kamar gara."

Ita ba ta zagayawa. Takan zauna har lokacin tashi, ta fiƙe fensir ɗin da ba abin da za ta zana da shi, ta kwashe ruwan bokitan da ke tare yoyon rufi, ta tsara labarin da za ta kai gida. Sai dai kwanan nan ta lura hannunta ya fara manta yadda ake jan layi ba tare da rawa ba, kuma abin bai dame ta yadda ya kamata ba.

* * *

Da suka isa ofis, tsohon masinja ne kaɗai a bakin ƙofa. Da ya ga wanda take riƙe da shi sai ya miƙe zumbur, ya kama hannun Baba da hannu biyu yana ta ranka ya daɗe. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai, ya gane Baba bai san halin da ofis ke ciki ba.

Baba ya saki hannunta a ƙofar dogon ɗakin, ya ce a nan ba ya bukatar jagora. Ya tsaya yana saurare. Ba abin da ke motsi sai ɗigon ruwan daren jiya da ke sauka cikin bokiti, da kukan jemagu ƙasa-ƙasa.

"Ina mutane?"

Amsar da aka saba a ofis ce ta fito daga bakinta da kanta.

"Sun zagaya, Baba."

"Dukansu?" Ya juya wajen masinja. "Me kuka ba su suka ci?"

Masinja ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai yanzu za su dawo. Baba ma ya ɗan dara, ya ce a zamaninsu in mutum ya zagaya, kafin tawadar layinsa ta bushe ya dawo. Ya ce zai jira su, yana so ya gaisa da yaran.

Ya taka a hankali yana bin bango da yatsu. Ƙafafunsa ba su manta ba, kai tsaye suka kai shi teburin kusa da taga. Ya miƙa hannu zai shafa shi, sai hannun ya ci karo da bokiti. Ya tsaya. Ya zagaye bokitin da tafinsa, ya sauka kan katakon, wanda ruwa ya kumbura shi har ya tashi ɓawo-ɓawo. Wani ɓangare ya ɓare ya biyo yatsunsa. Ya murza shi, ya kai hanci, sannan ya zuba a aljihun farar rigarsa.

Ta jawo masa kujerarta, ta tura bulon ƙarƙashinta da ƙafa a hankali don kada ya ji. Ya ji. Ya zauna a kai da taka-tsantsan, ya ɗora hannu biyu kan sanda, ya fuskanci ƙofa.

Suka jira. Duk takun da aka ji a waje sai ya gyara zaman hularsa. Mai sayar da ruwa ta leƙo ta wuce. Wani mutum ya zo neman taswirar filinsa, masinja ya tare shi a waje da raɗa. Rana ta hau, warin silin ya sauko, gumi ya jiƙa wuyan farar rigar.

Da aka kira sallar azahar ya dafa sanda ya miƙe.

"Unguwar nan da kika ce kuna zanawa, mai kwanar da na ce ki gyara," ya ce, bai juyo ba. "Ta yi kyau?"

"Ta yi kyau, Baba."

"Madalla. Mu je gida, Uwata."

A hanya ya riƙe hannunta da ƙarfi fiye da yadda ya riƙe da safe.

* * *

Washegari da ta dawo, kujerarsa ba ta bakin ƙofa. Yana ɗaki kwance, rediyo a kunnensa. Ya amsa sallamarta, ya yi mata sannu da dawowa, ya ce ta je ta ci abinci. Ta ɗan tsaya a bakin labule da labarin da ta tsaro tun daga ofis, na wata sabuwar kasuwa mai ƙofofi ta kowane gefe. Bai tambaya ba.

A tsakar gida Inna na zaune kan tabarma da kayan ɗinki. A gabanta akwai baƙin akwatin nan mai shimfiɗar karan-miski, wanda Baba ke ajiye alƙaluman zanensa, wanda ko 'Yar Gado ba a taɓa barinta ta buɗe ba. An cika shi da maɓallai da zare. Inna ta ce da safe ya miƙo mata, wai ta yi amfani da shi.

Sai Inna ta ɗauki wani siririn alƙalamin ƙarfe daga cikin na zanen, ta maƙala zariya a bakinsa, ta shiga zura ta cikin wandon Baba.